Fanka, kula ko iyakwandishan: wanne zai ba ka barci a bazarar Katsina?

Wanda ya taɓa kwana a Katsina cikin watan Afrilu ya san daren da ake juyi har kiran assalatu. Da rana zafi kan haura digiri 40, bangon bulo da kwanon rufi su sha rana su ƙoshi, dare na yi su juye maka. Kafin ka nufi Babbar Kasuwa da kuɗinka, fara sanin abin da jikinka ke nema.

Zafin cikin jikin mutum kusan digiri 37 ne, amma ba tsaye yake ba. Akwai agogo a ƙwaƙwalwa mai zagayen awa 24. Duhu na shiga sai ya sa a saki sinadarin melatonin, jijiyoyin jini na tafin hannu da na ƙafa su buɗe, zafi ya riƙa fita ta fata. Taɓa hannun jaririn da barci ya fara ɗauka, za ka ji shi da ɗumi. A haka zafin ciki ke sauka da kusan digiri 1, ya kai ƙarshen saukarsa wajen ƙarfe 4 zuwa 5 na asuba. Ɗakin da ya hana zafin nan fita, shi ke hana ido rufuwa.

Fanka ba ta sanyaya iska, gumi take busarwa, bushewar gumin ce ke kwashe zafi. Ita ce mafi araha, kuma mai caji ta fi ta sama amfani a garin da wuta ke ɗaukewa tsakar dare. Amma in ɗaki ya haura digiri 35, wato ya fi fata zafi, hucin take watso maka. Nan sai ka jiƙa zane ka yafa, yadda iyayenmu ke yayyafa ruwa a tsakar gida kafin su shimfiɗa tabarma.

Kula mai ruwa kuwa, wato na'ura mai fanka a ciki da ake zuba wa ruwa, aikin randa take yi: ruwa na tashi, iska na sanyi. Ni ita na fi so daga Maris zuwa Mayu, lokacin da iskarmu ta bushe ƙayau. Wutar da take ci kaɗan ce, ƙaramar sola ma na ɗaukarta. Sai dai ka bar taga a buɗe, kuma ka sani damina na kankama ta zama fanka mai tsada, don iskar Agusta ta riga ta ƙoshi da danshi. Da na sayi tawa, mai shagon ya ce, "Alhaji, kada ruwa ya kwana biyu a ciki." Gaskiyarsa, wari yake yi, ga sauro.

Iyakwandishan ce kaɗai ke sauke zafi da danshi tare, rani da damina. Mai ƙarfin doki 1 tana cin wat 700 zuwa sama, saboda haka lissafa man janareto ko batir kafin kuɗinta.

Kada ka manta shimfiɗa. Katifar soso mai laushi tana rungume baya ta riƙe zafi, musamman in ba a cire ledarta ba. Nemi mai tauri, ka sa zanen auduga, ko ka ɗora tabarmar kaba a kai. In fanka mai caji ka zaɓa, tambayi awa nawa batir ke yi a gudu mafi ƙarfi, kuma ko ana samun na canji a garin nan.