Kafin ka zuba miliyoyi a babbar na'urar hangen nesa: shawara daga saman bene a Agege

Bayan sallar isha'i wani Alhaji maƙwabcina ya hawo saman bene ya tarar da ni ina jiran kyamara ta gama ɗaukar gajimaren taurarin Orion. Ya daɗe yana kallon allon kwamfuta, sannan ya ce, "Malam, ni ma ina son irin wannan, amma wadda ta fi kowace girma za ka zaɓo mini." Na ce, "Ranka ya daɗe, zauna tukuna, girman ba shi ne magana ta farko ba." Abin da muka tattauna a daren nan shi nake so in shimfiɗa wa duk mai niyyar sayen na'urar hangen nesa mai tsada don ɗaukar hoton sararin samaniya daga Legas.

A fara da samaniyar kanta. Legas tana kusan digiri 6 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu, kuma wannan ni'ima ce. Orion kusan ta tsakiyar kai take wucewa, duniyoyin Jufita da Satan (mai zobe) suna hawa sama sosai, ga kuma gajimaren Carina da curin taurarin Omega Centauri a kudu, waɗanda mutumin Ingila ba zai taɓa ganinsu daga ƙofar gidansa ba. Amma daga Afrilu zuwa Oktoba hadari ne da ruwa, Disamba da Janairu kuma hazon hunturu ya rufe, ga hasken fitilun gari da ya mai da sama ja-ja-ja, ga laima mai gishiri daga teku. Dararen da na fi cin moriya su ne na Nuwamba, sai kuma wasu a Fabrairu da Maris. Duk na'urar da za ta cinye maka rabin dare wajen saiti, ta cuce ka.

Shi ya sa zuciyata ta tsaya a kan mai gilashi, wato wadda haske ke ratsa jerin gilasai a bakinta ya sauka kai tsaye a kan kyamara. Cikinsu kuwa Takahashi TOA-130, ƙirar Japan, ita ce tawa. Faɗin bakinta milimita 130, tsawon hangenta (nisan da ke tsakanin gilasai da inda hoto ke haɗuwa) milimita 1,000, lambar f ɗinta 7.7 (tsawon hange a raba da faɗin baki ke nan, ƙaramar lamba ta fi saurin tara haske), gilasanta uku ne da aka tsara don kowane launi ya haɗu wuri guda. Amfanin wannan sai ka ga hoto: tauraro ya fito ɗigo tsaf kamar an ɗiga shi da bakin allura, babu shuɗin zobe a gefensa. Idan ka haɗa mata gilashin da ke miƙe gefunan hoto, taurarin kusurwa ma ba sa jan wutsiya. Ba ta da madubin da za ka riƙa daidaitawa duk dare. Ka ɗora ta, ka saita kaifin hoto, shi ke nan. Bututunta a rufe yake, ƙura ba ta sauka a ciki. Tsawon milimita 1,000 kuma daidai yake da iskarmu, domin kwanon rufi da kankaren Legas suna fitar da zafi har tsakar dare, iska tana rawa, kuma duk abin da ya wuce wannan tsawo sosai rawar iskar kawai yake ƙara girmamawa. Na ɗauki Carina da ita a watan Maris, da kyamarar ZWO ASI2600MM da matacin haske na H-alpha, wanda ke barin jan hasken haidurojin na nanomita 656 kawai ya wuce ya tare hasken gari. Da safe na buɗe hoton, duhun ƙurar da ta raba gajimaren biyu ya fito da gefuna kamar an yanka da reza. Na fi minti goma ina kallo ban taɓa komai ba.

Tana da nauyi, ta haura kilo 10 tun kafin a saka mata kyamara, kuma nauyin a gaba yake. Kuɗinta ya wuce dala 6,000, ka lissafa da canjin yau. Wanda aljihunsa bai kai nan ba, Sky-Watcher Esprit 120ED mai tsawon milimita 840 za ta kai shi kusa da inda Takahashi take da kuɗin da bai kai haka ba, kuma ban ga abin kunya a wannan zaɓi ba.

Sauran, masu madubi, fa? Celestron EdgeHD 11 mai baki milimita 280 da tsawo 2,800 gwana ce a hoton Jufita da zoben Satan da ramukan wata, wannan ba gardama, amma ga gajimaren taurari a f/10 sai ka kwana kana tara haske, gilashin gabanta kuma raɓa take sha kamar soso. RASA 11 a f/2.2 saurin tara haskenta kusan ninki 12 ne na tawa, sai dai kyamara a gabanta ake liƙawa, ɗan karkata kaɗan ya ɓata rabin hoto, kuma sai an nemo mata mataci na musamman. Masu tsarin Ritchey-Chrétien, irin tsarin na'urar Hubble da ke can sararin samaniya, bakinsu a buɗe yake, hazo da gishiri su sauka a madubi yadda suke so. PlaneWave ta mai ɗakin kallo ce na dindindin, ba ta mai hawa bene da kaya a kafaɗa ba. Dobsonian kuwa ta kallon ido ce.

Yanzu ga inda na ƙone, kuma nan nake so a buɗe kunne. Bututu komai kyansa a kan mazauni yake zama, wato injin da ke juya shi yana bin taurari yayin da duniya ke juyawa. Dole a karkata ƙashin bayan mazaunin, wato sandar da yake juyawa a kanta, daidai da digirin garin da kake. Mazaunina na farko na saye shi ban duba wannan lamba ba. Ya iso bayan wata biyu, na hau bene da murna, na yi ta sassauta kusar karkatarwa har ta tsaya cak a digiri 10. Legas kuwa 6 da rabi take so. Na tura katako a ƙarƙashin ƙafa ɗaya, sai sandar nauyi mai daidaita nauyin bututu ta fara dukan ƙafar mazaunin ta arewa duk lokacin da ya juya. Damina guda na yi ina fama kafin na haƙura na sayar da asara. Masu ƙera waɗannan injuna mutanen Turai da Amurka da Japan suka fi sakawa a rai, don haka kafin ka tambayi farashi ka tambayi ƙaramin digirin da injin ke sauka. iOptron CEM70 yana sauka har sifili kuma yana ɗaukar kusan kilo 31, shi nake amfani da shi yanzu, shi kuma na ce wa Alhaji ya saya. ZWO AM5 ma yana sauka sifili, ga sauƙin ɗauka, amma kilo 13 ne iyakarsa ba tare da sandar nauyi ba, don haka ya fi dacewa da ƙaramin bututu. EQ6-R Pro daga digiri 5 yake farawa, muna bakin gaɓarsa ke nan, sai da ƙarin wuya a kan ƙafafunsa. Kada kuma ka dogara da tauraron arewa wajen saiti. A nan yana can ƙasa-ƙasa bayan tankunan ruwa da hayaƙin janareto. Manhajar N.I.N.A. da akwatin ASIAIR duk suna iya saita mazauni da wasu taurarin dabam.

Abu na biyu da ya taɓa cina shi ne funfuna. Na ajiye wani gilashi a akwatinsa mai soso tsawon damina, da na buɗe sai ga zare-zare fari kamar saƙar gizo a cikinsa, ta ciki inda tsumma ba ya kaiwa. Ka sa kuɗin kabad mai busar da iska cikin lissafinka tun farko, ko aƙalla akwati mai rufuwa ruf da ƙullin silika da kake gasawa lokaci-lokaci. Kada ka fito da bututu daga ɗaki mai na'urar sanyaya ɗaki kai tsaye zuwa waje a buɗe, nan take zai yi gumi. Bar murfinsa a kai har ya ɗauki ɗumin waje. Wuta kuma batirin bolt 12 mai kyau za ka nema, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki asarar dare ce.

Sai 'yan damfara, kuma a nan ne kuɗi suka fi salwanta. Duk kwalin da ka ga an rubuta 525x ko 675x, wato ninkin girmamawa, da manyan baƙaƙe, ga hoton Satan mai launi a jiki, ajiye shi. Iyakar girmamawa mai amfani kusan ninki biyu ne na faɗin baki a milimita, don haka bututu mai baki 60 ba ya wuce 120, kuma masu ƙera kayan gaske ba sa talla da wannan lamba. Wannan ƙaramar cuta ce. Babbar ita ce ta masu saka hoton Takahashi ko Astro-Physics a intanet da rabin farashi, su ce mai ita ya rasu ko zai bar ƙasa, a tura kafin alƙalami yau-yau don akwai wani mai so. Hoton na wani ne suka kwafo. Ka ce ya ɗauki bidiyo yana riƙe da takarda mai sunanka da kwanan wata kusa da lambar da aka buga a jikin bututun, za ka ga ya ɓace. Akwai kuma masu liƙa kalmar APO, wadda ke nufin gilasan da ke haɗa launuka wuri guda, a bututu mai gilashi biyu na talaka. Ka tambayi yawan gilasan da irin gilashin, in ya fara kame-kame ka san amsa. Ni kaina na taɓa tura wa wani kuɗin mataci uku, aka kawo mini gilasai masu launi a kwali mai kyau, babu takardar gwaji, hoton da suka ba ni bai bambanta da na babu mataci ba. Mafi haɗari duka shi ne matacin kallon rana na jabu, wannan ido yake ɗaukewa ba kuɗi kawai ba, kada ka saye shi a hannun wanda ba ka san daga ina ya samo ba.

In gwanjo za ka saya, je da ƙafarka, da tocila a aljihu. Haska gilashin ta gefe a wuri mai duhu, ka nemi zaren funfuna da hazo tsakanin gilasai. Duba kusoshin bakin, in sun sha sukuddireba to wani ya taɓa buɗewa, kuma gilasan TOA ba a mayar da su daidai a shagon gyaran kyamara. Murɗa abin saita kaifi ka ji ko yana cijewa. In mai kayan ya yarda, ku jira dare ku gwada a kan tauraro mai haske: ka ɗan kauce daga kaifi, zobban da za su fito su zama da'ira cif ta kowane gefe.

In sabuwa ce, saya daga dillalin da sunansa ke shafin kamfanin da ya ƙera, ka biya inshora, ka sa a turo ta jirgin sama. Kwantena tana iya yin makonni a tashar jiragen ruwa ta Apapa ko Tin Can cikin zafi da laima, ga jifa wajen sauke kaya. Ka yi magana da ejan ɗinka mai fito da kaya a rubuce kan kuɗin kwastam da ladansa kafin kaya su taso, ka kuma nemi ganin takardar biyan da idonka, don kada kaya su sauka a fara ƙirƙiro maka sababbin kuɗaɗe ana cewa kuɗin ajiya na hawa kullum.

Alhaji ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To Malam, mazaunin za mu fara sayowa ke nan." Haka aka yi. CEM70 ɗinsa ya iso, mun buɗe kwalin tare a gaban mai kawowa muna ɗaukar bidiyo, mun ƙirga komai kafin ya sa hannu. Bututun kuma mun yi odar TOA-130, muna sa ran ta iso kafin sama ta washe a Nuwamba.