Akwatin Gwajin Kimiyya ko Lambun Makaranta? Amsa ga Malama

Malama, tunda kuɗin da ƙungiyar iyaye da malamai ta ware muku ba zai ɗauki duka biyun ba, kuma kin ce kokwantonki tsakanin akwatin gwajin kimiyya da ake shigowa da shi daga waje ne da kafa ƙaramin lambu a harabar makaranta, to ni shawarata ita ce ki kafa lambun. Na riƙe aji huɗu na firamare shekaru masu yawa, kuma duka biyun sun ratsa ta hannuna. Ɗaya na saya da kuɗin aljihuna ina murna, daga baya na koma cizon yatsa, ɗayan kuwa na fara shi ne don rashin yadda zan yi, ya zama abin da tsofaffin ɗalibaina suke fara tuna mini idan muka haɗu a hanya.

Akwatin da na saya irin mai ɗauke da wayoyi masu launi ne, da ƙananan ƙwayayen fitila, da makunni, da maganaɗisu, da wani ɗan inji mai juya farfela, kuma kuɗinsa ya kusa cinye rabin albashina na wannan watan. Ba zan tauye masa haƙƙi ba, domin ranar da aka haɗa waya fitila ta kama, ajin ya kaure da sowa. Amma yara fiye da hamsin nake da su, akwatin kuwa hannu huɗu ko biyar kaɗai yake ɗauka a lokaci guda, saboda haka masu ƙarfin kafaɗa su ne a gaba, 'yan mata da ƙananan cikinsu suna leƙe ta baya. Kafin a cika mako uku injin ya ƙone, maɗaurai biyu sun ɓace, na zaga shagunan kayan lantarki ban sami irinsu ba, daga nan ya koma cikin kabad ɗin ofis, ba a fito da shi sai ranar da aka yi baƙi. Iyakar abin da zan iya faɗa a kansa ke nan.

Lambun kuwa da tsofaffin buhunan shinkafa muka fara shi, domin filin makarantarmu tsakuwa ce zalla, fartanya ba ta kama ta. Kowane rukuni na yara biyar ya sami buhu ɗaya, suka huda shi ta ƙasa don ruwa ya riƙa tsiyayewa, suka cika shi da ƙasa gauraye da kashin awaki wanda ya riga ya ruɓe, sannan suka rubuta sunan rukuninsu a jikin kwali suka soke. Wake muka shuka da alayyafo. Na zaɓi wake ne saboda ƙwayarsa babba ce, yaro yana iya ƙirga ta, kuma tana tsirowa cikin kwana uku zuwa biyar, ba ta gajiyar da mai jira. Alayyafo kuma cikin mako uku zuwa huɗu ake fara yankarsa, don haka yara suna ganin amfanin wahalarsu kafin ɗokinsu ya huce.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda darussan da nake fama da su a kan allo suka riƙa shigowa da kansu. Kowane rukuni ya shuka ƙwaya goma, sai na tambaye su nawa suka fito. Masu bakwai suka ce bakwai cikin goma, masu tara suka ce tara cikin goma, suka kama gardamar wane ne ya fi, ba su ankara ba cewa lissafin ɓangare da na kaso cikin ɗari suke yi, wanda makonni biyu kafin nan na yi ta bayani har muryata ta dishe ba su gane ba. Duk ranar Litinin da Alhamis suna fita da rula su auna tsayin shuka da santimita, su rubuta a littafi tare da kwanan wata, kuma a ƙarshen wata muka zana jadawali a kan allo daga alƙaluman da su da kansu suka tattara. Rubutun ma ya gyaru, domin na sharɗanta cewa kowane awo sai an bi shi da jimla biyu na abin da ido ya gani, da Hausa da farko, sannan da Turanci.

Akwai wata yarinya a ajin wadda ba ta cika magana ba, idan an tambaye ta sai ta sunkuyar da kai. Ita ce ta tambaye ni, a hankali kamar mai tsoron a ji ta, ko wake zai fito idan babu rana. Na ce ba zan ba ta amsa ba, ta gwada. Ta shuka a gwangwanin madara guda biyu, ɗaya ta ajiye a bakin taga, ɗaya ta sa a cikin kabad ɗin nan da akwatin gwajin yake kwance. Bayan kwana goma ta fito da shi, ga shi ya yi tsawo ya zarce na taga, amma siriri ne, rawaya fatau, ya langaɓe kamar marar lafiya, ganyensa 'yan mitsi-mitsi. Yara suka yi carko-carko, domin duk sun ɗauka ba zai fito ba sam. Ita ce ta tsaya a gaban aji riƙe da gwangwanaye biyu ta yi bayani cewa abincin da yake cikin ƙwayar ne ya ɗauke shi zuwa nan, yana ta miƙewa neman haske, amma korensa ba ya zuwa sai da rana. Wannan shi ne amfani mafi girma da kabad ɗin ya taɓa yi mana.

Wata rana kuma wani yaro ya tumɓuke wake da gangan, ya zo mini da gudu yana cewa shukarsu ta kamu da cuta, wai saiwar duk ƙuraje ne. Muka wanke ta a bokiti, muka fasa ƙulli ɗaya da farce, cikinsa ya nuna ja-ja. Daga nan na sami ƙofar yi musu bayani cewa wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suke zaune a cikin ƙullin, suna kamo sinadarin naitirojin daga iska, wanda shi ne kusan kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa, su mayar da shi abincin shuka, kuma shi ne sinadarin da manomi yake saye da tsada a buhun takin yuriya. Yaron ya yi shiru, can ya ce ashe shi ya sa kakansa yake shuka wake a tsakanin gero. Babu wani akwati da zai haɗa wa yaro darasin aji da gonar kakansa irin haka. Na ƙara musu da cewa Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya noman wannan waken, Nijar na biye da ita, kuma akwai masana a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da ke Zariya da reshen IITA (cibiyar ƙasa da ƙasa ta binciken noma a ƙasashe masu zafi) na Kano waɗanda aikinsu ke nan, fitar da irin da yake nuna da wuri. A ranar yara uku suka ce aikin da za su yi ke nan idan sun girma.

Kada ki ɗauka babu wahala a ciki. Ruwa shi ne matsala ta farko, mu dai mun warware ta ne da ajiye baho a wurin alwala, abin da ya taru a kwashe a yi ban-ruwa da shi, tunda babu sabulu a ciki. Ta biyu awakin maƙwabta, waɗanda suka cinye mana alayyafon farko a dare ɗaya, har wasu yara suka yi kuka. Sai da muka yi shinge da kara da ƙaya. Ƙadangaru ma suna tsinke sabon tsiro, tsohon gidan sauro shi ne maganinsu. Ta uku kuwa kalandar makaranta ce, wadda ba ta tafiya daidai da damina. Idan kika shuka wake a watan Yuni, ko da mai saurin nuna ne na kwana 60 zuwa 70, zai nuna ne a tsakiyar dogon hutu, ba kowa a makarantar. Saboda haka a zango na uku ki tsaya ga alayyafo da lalo da yakuwa, waɗanda ganyensu ake so, ki bar wake da kuɓewa zuwa farkon zango na ɗaya da ban-ruwa, idan sanyin hunturu ya shigo kuma ki koma latas da karas da albasa.

Akwai kuma wani abu da nake so ki sa wa ido tun daga farko, wato kada lambun ya rikiɗe ya zama gonar malamai. Yawancinmu mun tashi a makarantun da ake kora yara noma a matsayin horo, amfanin kuma ya tafi gidan wani. Idan iyaye suka hango haka za su ce kuɗinsu suka biya don karatu, kuma suna da gaskiya. Abin da zai kare ki shi ne littafin awo a hannun kowane yaro, da nuna wa iyaye cewa tsirrai da ƙasa da ruwa da awo duk suna cikin darasin kimiyya da fasaha na manhajar da hukumar NERDC ta tsara wa firamare. Amfanin da aka samu kuma ya zama na yaran. Mu mun sayar wa malamai alayyafo ɗauri-ɗauri, yara suka rubuta abin da aka kashe da abin da ya shigo, suka fitar da riba, aka sayi iri na gaba da ita.

Ba ki tambaye ni wannan ba, amma ki yi hattara da masu yawo makaranta-makaranta da kayan koyarwa. Wanda ya sayar mini da nawa, samfurin da ya nuna mini daban, wanda ya kawo daban, roba ce marar kauri, kuma alkawarin da ya yi na turo mai koyar da mu amfani da shi har yau ban ga kowa ba, lambarsa ma ta daina shiga. Za ki ga an buga STEM (wato kimiyya, fasaha, injiniyanci da lissafi) ko Montessori da manyan haruffa a jikin kwali don a ninka kuɗi. Maria Montessori likita ce 'yar Italiya da ta buɗe makarantarta ta farko a birnin Rum a 1907, kuma jigon koyarwarta shi ne yaro ya yi aiki da hannunsa, amma buga sunanta a kwali ba shaidar inganci ba ce, kowa yana iya bugawa. Duk wanda ya nemi ki biya kuɗi gaba ɗaya kafin ki ga kaya, ko ya rage murya ya ce akwai kasonki a ciki, ki sallame shi, domin ranar da kayan suka lalace ke iyaye za su tuhuma. Ki duba kuma ko akwai ƙananan batura masu kama da maɓalli ko 'yan mitsitsin maganaɗisu, domin idan yaro ya haɗiye su suna iya yi masa mummunar illa a ciki, 'yan aji ɗaya da biyu kuwa komai baki suke kai shi.

Masu sayar da iri ma ba a bar su a baya ba. Akwai masu rina hatsin kasuwa da jan launi su ƙulla a leda su ce ingantaccen iri ne. Kafin ki saya da yawa, ki karɓi kaɗan ki naɗe ƙwaya goma a jiƙaƙƙen tsumma, ki duba bayan kwana biyar. Idan waɗanda suka tsiro ba su kai takwas ba, ki nemi wani wurin. Wannan gwajin ma yaran ne ya kamata su yi shi, idan irin ba mai launi ba ne. Irin gaske da aka shafa wa launi kuwa maganin ƙwari ne a jikinsa, guba ne, kada ki ba yara shi a hannu. Don aikin aji, wake mai kyau daga kwanon mai awo, wanda ƙwari ba su huda ba, ya wadatar. Haka kuma kada a shigo da maganin feshi makaranta, toka da ruwan jiƙon ganyen darbejiya sun ishe ki, sannan kowa ya wanke hannu da sabulu kafin a koma aji.

Idan kuɗi ya yi saura bayan kin sayi ƙananan fartanyu da bokitai da butar ban-ruwa, ki sayi rula ga kowane rukuni, da tef ɗin awo irin na tela, da gilashin ƙara girman abu ko da guda biyar ne, don kallon saiwa da ƙwari. Darasin lantarkin da akwatin yake taƙama da shi kuma, ki je wurin mai gyaran rediyo ki sayi waya da ƙananan ƙwayayen fitila masu ƙafa biyu da ake kira LED da batura irin na rimot. Kowane batir bolt ɗaya da rabi ne, biyu a jere sun isa su kunna ƙwan, muddin doguwar ƙafarsa tana ɓangaren da yake da alamar tarawa. Da kuɗin akwati ɗaya za ki haɗa wa rukuni goma, kuma duk abin da ya ƙone ko ya ɓace, gobe da safe za ki sami madadinsa a shagon da kika saya.