Phyphox a hannun masu koyon malantar fizik: inda take da amfani da inda take gazawa

Ɗalibin da ya gama karatun malantar fizik a ENS ta Marwa, babbar makarantar horar da malamai a Kamaru, wadda aka kafa tare da Jami'ar Marwa a 2008, ba lallai ba ne ya tarar da ɗakin gwaji a lisen, wato sakandaren, da za a tura shi. Shi ya sa ya kamata tun yana makaranta ya saba da haɗa gwaji da abin da ke hannunsa. Manhajar phyphox, wadda Jami'ar RWTH ta Aachen a Jamus ta fitar a 2016, tana mayar da wayar hannu ma'auni. Kyauta ce, ba talla a cikinta, akwai ta da Faransanci, kuma idan an sauke ta ba ta ƙara neman intanet.

Kafin a raba wa ɗalibai aiki, a fara duba wayoyinsu. Duk gwajin da waya ba ta da na'urarsa zai fito a dushe, ba ya buɗuwa. Wayoyi masu araha da yawa ba su da jairoskop, mai auna juyawa, balle ma'aunin matsin iska. Gwajin lilo kuwa da jairoskop yake aiki. A rukunin mutum huɗu, a tabbatar akwai waya ɗaya mai shi. Makirfo dai kowace waya tana da shi, kuma a nan manhajar ta fi ƙarfi.

Aikin da ya fi dacewa a fara da shi shi ne auna g, wato yadda gudun abu mai faɗuwa ke ƙaruwa saboda jan ƙasa, da agogon sauti na manhajar, wanda ƙara ɗaya ke tayarwa, ta biyu ta tsayar. Kayan aiki: babban noti na ƙarfe, rular ƙarfe, tef na awo, da farantin ƙarfe a ƙasa. A ɗora notin a bakin rular da ta leƙo daga kan kanta ko katanga, a buge rular ta gefe da sanda. Ƙarar bugun ce farkon lokaci, faɗuwar notin a faranti ce ƙarshensa. Daga mita 2 za a samu kusan daƙiƙa 0.64, daga mita 1 kuma 0.45. Agogon hannu ba ya wannan aiki, domin jinkirin yatsan mutum kaɗai ya kai kusan 0.2.

Abu biyu ke ɓata sakamako. Na farko amsa-kuwa: a aji mai rufin kwano da daɓen siminti, agogon kan tsaya tun noti bai kai ƙasa ba. Maganinsa a ɗaga mafi ƙarancin tazarar da ke tsakanin ƙara biyu zuwa daƙiƙa 0.3, a kuma ɗaga matakin ƙarar da ke tayar da shi har surutun aji ya daina taɓa shi. Na biyun ya fi daɗin koyarwa. Idan an ajiye waya a ƙasa kusa da faranti, ƙarar farko sai ta yi tafiyar mita 2 kafin ta iso, wato kusan milisakan 6. Lokacin da aka auna ya ragu ke nan, kuma da yake murabba'insa ake amfani da shi, g zai fito wajen 9.95 maimakon 9.78 da ake tsammani a yankinmu na kusa da ikwaita. Kada malami ya yi saurin faɗa musu dalili. A bar su kwana biyu suna nema. Mai ganowa da kansa cewa wayar tsakiyar tsayin ya kamata ta zauna, shi ne zai iya bayyana wa 'yan tarminal, ajin ƙarshe na lise, gobe. A auna tsayi biyar, kowanne sau biyar, a zana tsayi a kan murabba'in lokaci. Gangaren layin rabin g ne.

Gudun sauti yana buƙatar waya biyu a fili, tsakaninsu mita 5. A tafa kusa da ta farko, agogon sauti na duka biyu su tashi. A tafa kusa da ta biyu, su tsaya. Bambancin lokutansu shi ne tafiyar mita 10, kusan milisakan 28. Kuskuren milisakan 1 a nan yana kawar da amsa da wajen mita 12 a daƙiƙa, don haka tazarar mita 10 ta fi, a kuma haɗa katako biyu a maimakon tafi don ta nesa ta ji. Littafi yana cewa mita 340 a daƙiƙa, amma wannan na iska mai digiri 15 ne. A zafin Afrilu na Marwa ko Garwa, digiri 40, kusan 355 za a samu. Ɗalibai kan so su "gyara" lambarsu ta dace da littafi. A hana su, a ba su ma'aunin zafi.

Lilo ba shi da wuya: a rataye waya da zare biyu don kada ta riƙa juyawa, kusurwa ƙasa da digiri 10, tsawo kuma a auna shi zuwa tsakiyar wayar. Mita 1 yana ba da kusan daƙiƙa 2 a kai-da-komo ɗaya. A shimfiɗa tabarma a ƙasa, gilashin waya ba arha ba ne.

Ana iya kallon zanen awon kai tsaye a kwamfuta idan an buɗe wifin wayar, a kuma fitar da lambobi zuwa Excel. Wannan yana taimaka wa aji mai yawa, in akwai wuta. Waya a rana kuwa tana zafi har ta rage aiki, gara a yi gwajin fili da sassafe.

Inda manhajar take gazawa a fili yake. Ita kaɗai ba ta auna ƙarfin lantarki ko turjiyar wayar lantarki, sai an nemi multimita, na'urar auna lantarki, ko an haɗa ta da ƙaramin allon lantarki mai Bluetooth irin na Arduino. Ma'aunin haske ba ya samuwa a iPhone. Sannan gwajin lilo da kansa yake lissafa g ya nuna, wanda zai iya sa ɗalibi ya kwafi amsa bai san daga ina ta fito ba. Mai duba aikin ya nemi ɗanyen lambobi da lissafin hannu a rahoton kowane rukuni, tare da sunan wayar da aka yi awon da ita.