A cika tanki tun daga gida ko a riƙa ɗiba a hanya? Amsa ga Hajiya mai shirin tafiya Arizona da tirela

Hajiya, barka da warhaka. Na ga tambayarki tun daren jiya, na bari sai na samu natsuwa, don maganar ruwa a tafiya ba a yi mata amsar tsaye. Bari in maimaita ta saboda waɗanda ba su gani ba. Maigida ya sayi tirelar tafi-da-gidanka ta hannu, tankin ruwanta galan 40. Ku biyar ne har da yara uku, za ku tashi daga Houston ta jihar Texas ƙarshen watan Maris zuwa Grand Canyon, babban kwazazzabon nan na jihar Arizona, mako biyu zuwa da dawowa. Shi ya ce a cika tanki taf tun daga ƙofar gida. Abokinsa ya ce kada a ɗauki ko ɗigo, ai duk inda aka sauka akwai famfo, sai a jona tiyo kawai. Kin ce a gaya miki wanne ya fi.

Na bi wannan hanyar da iyalina sau uku, kuma duka dabarun biyu na gwada su.

Mu fara da ta maigida. Daɗinta a fili yake: ruwan gidanku ne, kin san ɗanɗanonsa, cikin yara ya saba da shi. Duk inda aka tsaya a gefen titi, bayan gida yana aiki, a wanke hannu, a yi alwala, a ɗora shayi. Ko mota ta lalace tsakanin Fort Stockton da Van Horn, inda sai ki yi tafiya mai nisa ba ki ga gida ko ɗaya ba, hankalinki a kwance yake. Daga Houston zuwa El Paso kaɗai kusan kilomita 1,200 ne, kuma ba ku ma fita daga Texas ba tukuna.

Matsalarta nauyi. Galan ɗaya na Amurka lita 3.8 ne, kowace lita kuma kilo ɗaya ce. Galan 40 ya kama lita 151, wato kilo 151. Ki ɗauka buhun shinkafa mai kilo 50 guda uku aka shimfiɗa a ƙarƙashin daɓen tirelar. Ga tukunyar ɗumama ruwa, wadda a yawancin waɗannan tireloli galan 6 take ci, ƙarin kilo 23 ke nan. Ki duba jikin ƙofa ko gefen hagu na gaba, za ki ga wata takarda rawaya da aka manna. A nan aka rubuta iyakar kayan da tirelar za ta iya ɗauka, kuma ruwa yana cikin lissafin kayan, ba kyauta yake hawa ba. Mu kuwa kin san tafiyarmu: tukwane, garin tuwo, man gyaɗa, barguna, kekunan yara. Kafin a ankara an wuce iyaka, taya da birki su ne masu biyan bashin. A shimfiɗaɗɗen titi ba za a ji bambancin shan mai sosai ba, iska ce ta fi cinye mai. Amma daga Phoenix, wadda tsayinta bai wuce mita 350 ba, zuwa Flagstaff mai kusan mita 2,100, hawa ne na gaske a kan titin I-17, a nan kowane kilo sai ya yi magana.

Abin da ya fi nauyin kansa muhimmanci shi ne inda tankin yake zaune. A sa maigida ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi. In tankin yana gaban tayoyi, cika shi zai danne ƙugiyar da ke haɗa tirela da mota. In yana bayan tayoyi, zai ɗage gaban tirelar, wannan kuwa shi ke kawo rawar da take yi a bayan mota. Ƙa'idar da masu jan tirela suke bi ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyinta ya sauka a kan ƙugiya. A yammacin Texas akwai wuraren da doka ta yarda a yi gudun mil 80 a awa, manyan motocin kaya suna wuce ka kamar guguwa, ga iskar fili tana bugowa ta gefe. Na taɓa jin tirelata ta fara kaɗa wutsiya a irin wannan wurin, tafin hannuna ya jiƙe a kan sitiyari, yara a baya suka yi tsit ba wanda ya ce musu su yi shiru. Tankina a baya yake, kuma a cike yake ranar. Tun daga nan ban ƙara hawa babban titi da shi cike ba. A duba littafin tirelar ma, domin wasu kamfanonin suna gargaɗi kan yin doguwar tafiya da tanki cike, saboda ƙarafan da ke riƙe da shi.

To, ta abokin maigida fa? Tirela ba nauyi, ja da sauƙi, birki da sauƙi. In an sauka a masauki mai famfo a kowane gurbi, a jona tiyo, ruwa ya shiga bututu kai tsaye ba tare da ya bi ta tanki ba, a yi wanka yadda ake so. Gaskiya ne, akwai daɗi. Amma maganarsa ta ginu a kan cewa duk inda aka sauka akwai famfo, kuma ba haka ba ne, musamman inda za ku. A bakin kudu na Grand Canyon, masaukin da ake kira Trailer Village ne yake da famfo da wuta a kowane gurbi, kuma wuri yana ƙarewa da wuri in ba a kama tun da nisa ba. Babban masaukin Mather ba a jona tiyo a gurbi, sai dai ka cika tankinka ka je ka zauna da shi. In kuma kuka zaɓi kwana kyauta a dajin gwamnati na Kaibab da ke kusa, inda aka yarda mutum ya yi har kwana 14, to abin da kuka shigo da shi shi ne ruwanku.

Sannan ga sanyi. Ƙarshen Maris a Houston an fara kunna na'urar sanyaya ɗaki, amma a can saman dutse ruwa yana daskarewa da dare. Tiyon da aka bari a waje yakan wayi gari kamar sanda. Ki tashi sallar asuba, ki murɗa famfo, shiru. Mai ɗan ruwa a tanki sai ya cire tiyo tun da yamma ya kunna famfon batir, wato ɗan injin da ke turo ruwa daga tanki, ya kwana lafiya. Wanda tankinsa ba komai sai ya jira rana ta fito.

Akwai kuma bambancin ruwan kansa. Ruwan yammacin Texas da na Arizona yana da gishiri-gishiri da farar ƙasa. A wani masauki da muka sauka a hanya, na jona tiyo da dare ban ɗanɗana ba. Da safe uwargida ta haɗa shayi, ta kurɓa sau ɗaya ta ajiye kofin, ta dube ni ba ta ce komai ba. Warin ruɓaɓɓen ƙwai ne a ruwan. Sa'armu ɗaya ban zuba shi a tanki ba, da sai mun yi kwanaki muna fama. Ƙarfin ruwan masauki ma ba ɗaya ba ne, wani wurin yana iya fasa mahaɗar bututun roba a cikin bango. Don haka ɗan ƙarfen nan mai rage ƙarfin ruwa, wanda ake ɗaurawa a bakin famfo kafin tiyo, ba abin a bari a gida ba ne. Kuɗinsa kaɗan ne.

Idan aka jera su kafaɗa da kafaɗa, ta maigida tana ba ki kwanciyar hankali a wurin tsayawa, ta rage miki shi a kan titi. Ta abokinsa akasin haka. Ni abin da na tsaya a kai shi ne kashi ɗaya cikin uku: galan 12 zuwa 15 a tanki muddin ana kan babban titi, ya ishi bayan gida da alwala da wanke hannu na kwana ɗaya har da rara. Sai a cika taf a famfo na ƙarshe da aka amince da shi, kafin a shiga inda babu ruwa. A tafiyarku, wannan yana nufin a hau dutsen da sauƙin kaya, a cika a Flagstaff ko a bakin masaukin kansa. Wasu manyan gidajen mai na masu motocin kaya, irin su Love's da Flying J, suna da wurin ɗiban ruwa da na zubar da ƙazanta, amma ba kowane reshe ba, a buga waya a tambaya tukuna. Kuma don Allah a kula: famfon da ke kusa da ramin zubar da ƙazanta na wanke tiyon masai ne. In an ga an rubuta "non-potable", ba na sha ba ne, kada ya kusanci tankinku. Tiyon ruwan sha shi ne fari ko shuɗi, a ajiye shi a jakarsa shi kaɗai, a haɗa bakinsa biyu kada ƙura ta shiga.

Ruwan sha kuwa na raba shi da tanki gaba ɗaya. Akwai jarkoki shuɗɗa masu galan 7 da ake sayarwa a shagunan kayan zango, kusan girman jarkarmu ta 'yan garuwa mai lita 25. Biyu nake ɗauka, in sa su a bayan mota. A garuruwan Arizona da Texas za ki ga injinan sayar da tataccen ruwa a ƙofar manyan kantuna, a nan nake cika su. Masu kula da gandun dajin hamada suna ba da shawarar galan ɗaya na sha ga kowane mutum a rana, ku biyar galan 5 ke nan, jarka biyu za ta kai ku kusan kwana uku. Wasu suna sayen babbar jakar roba mai cin galan da yawa su shimfiɗa a bayan a-kori-kura, amma wannan ta masu zaman makonni a daji ce, tana bukatar famfon tura ruwa na daban. Mako biyu da yara, jarka ta fi muku.

Yanzu ga inda lissafinmu ya bambanta da na Turawan da ke ba da shawara a intanet: su ba sa lissafa alwala da tsarki. Wata rana na tara roba a ƙarƙashin famfon tirela na yi alwala yadda na saba a gida, ruwa na zuba ina wanke gaɓɓai. Da na auna, kusan lita 4 ne. Na sake yi da buta, lita ɗaya ba ta ƙare ba. In mutum huɗu ne masu sallah, sau biyar a rana, da famfo lita 80 ke nan, fiye da rabin tankinku ya tafi a alwala kawai. Da buta lita 20. Kuma ai ba sabon abu ba ne a wurinmu, hadisin Anas ya nuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da mudu ɗaya, yana wanka da sa'i ɗaya zuwa mudu biyar. Ki ba kowa butarsa, a yi alwala a waje a gindin itace in wurin ya ba da dama. Wanka ma a koma bokiti da kofi, yadda muka tashi. Da haka mu biyar muke cin galan 12 zuwa 13 a rana, tanki cike ya kai mu kwana uku cif ba wanda ya takura.

Alwalar waje tana da wani amfanin. Duk ruwan da ya bi ta magudanar wanke-wanke da wanka yana taruwa ne a wani tanki daban, kuma sau da yawa shi yake riga cika kafin na ruwan amfani ya ƙare. Alamarsa ita ce ki ga ruwa mai kumfa yana tasowa ta ramin wurin wanka. A share kwanuka da takarda kafin a wanke, a wanke su a roba biyu, ruwan ɗauraya kuma a kora masai da shi. Fitilun nan da ke nuna yawan ruwa a bango kada ki ba su amana sosai, suna yawan yin ƙarya. Kunnenki ya fi su: in famfon batir ya fara tari yana tofo iska, ruwa ya zo ƙarshe. 'Yar autarmu ta taɓa tsayawa da sabulu a kai tana kiran babarta a daidai wannan lokacin, da ruwan jarka aka ɗauraye ta.

Tunda tirelar ta hannu ce, ba a san tsawon lokacin da tsohon ruwa ya kwana a cikinta ba, a wanke tankin kafin ranar tafiya. Bilic na wanki marar ƙamshi, irin wanda muke kira Hypo a gida, rubu'in kofi ga kowane galan 15. Naku zai ci kusan kashi biyu cikin uku na kofi. A dama shi a bokitin ruwa tukuna, a zuba a tanki, a cika, a buɗe kowane famfo har a ji warinsa, a rufe a bar shi aƙalla awa 4. Sai a zubar, a cika da sabon ruwa a sake zubarwa har warin ya tafi. A wannan ranar za a gane ko akwai inda yake yoyo, gara a gani a ƙofar gida. Kuma duk lokacin da za a tashi mota, a kashe famfon batir, domin girgizar hanya tana iya buɗe famfo ya kwashe ruwan duka ya juye a cikin ɗaki.

Hajiya, ki ɗauko mini hoton takardar rawayan nan, maigida kuma ya gaya mana ko tankin yana gaban tayoyi ne ko baya. Da su zan iya ce muku galan nawa za ku fita da shi daga Houston. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, a gaida yara.