Kambas ɗin gwanjo da na hau duwatsun Birnin Kudu da shi

Shekara uku ke nan ina gudun safe a kan kwalta, da kambas mai sulɓin tafi. Da abokaina suka tsayar da magana cewa za mu yi Asabar da Lahadi a Birnin Kudu muna gudu a duwatsu, sai ɗayansu ya dubi ƙafata ya ce, "Malam, wannan naka zai kayar da kai a kan fa." Shi ya sa na shiga wajen 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai na zaɓo wani mai haƙora a tafi kamar tayar tarakta. Lamba 43 nake sawa, mai shagon ya dage sai in ɗauki 44. Na yi ta yi masa musu, daga baya na bi shawararsa.

Mu biyar muka bar Kano ranar Juma'a bayan la'asar, muka bi ta Wudil da Kwanar Huguma, muka kwana a gidan kawun ɗayanmu. An gama girbi, hunturu ya fara busawa. Muna idar da sallar asuba muka kama burtali.

A kan falalen dutse takalmin nan ya biya kuɗinsa. Duwatsun yankin irin manyan nan ne masu santsin baya, ga ƙura ta kwanta a kansu. Duk inda na ɗora ƙafa sai in ji tafin ya cafke, ba zamewa. Wanda ya zo da kambas ɗin ƙwallo kuwa da hannu da gwiwa ya gama wani hawan. A gangare ne na gane hikimar ƙarin lambar: ƙafa tana zurmawa gaba, kuma bayan awa ɗaya tana gudu takan ɗan kumbura. Da 43 na saya, da farcen babban yatsana ya yi baƙi. Bakin takalmin kuma da tauri, sau biyu na yi tuntuɓe ban ji a yatsa ba.

Mun tsaya a Dutsen Habude muka huta, muka ga zanen shanun nan na mutanen da, masu dogayen ƙaho ba tozo, a jikin kogo. Tun shekarun 1950 masana suka fara rubutu a kan zane-zanen Birnin Kudu, kuma suna cikin wuraren tarihi na ƙasa. Na sha wuce garin a hanyar Maiduguri ban taɓa sauka ba. Tsayuwar da na yi gaban zanen, ina haki, gumi na ɗiga, ta ratsa ni ƙwarai. Don Allah duk wanda ya je kada ya shafa da hannu.

Matsalar takalmin a gona take. Samansa raga ce mai ƙananan huji don iska ta shiga, to rairayi ma ta nan yake shiga. Kafin mu ƙetare gonaki biyu na zauna na zazzage shi, kuma yashin ya riga ya goge min dunduniya har ta yi bororo. Ƙarangiya ta manne wa ragar da igiya, na ɓata kusan minti 20 da yamma ina tsincewa. Wani dattijo da ke ɗaure kara ya gan ni a zaune ya ce, "Samari, ku bar bin tsakiyar gona, tushiyar dawa ba ta da mutunci. Ku bi gefen burtali." Muka ce, "Mun gode, Baba." Ranar Lahadi na sa doguwar safa mai kauri, muka bi yadda ya ce, abin ya yi sauƙi sosai.

Abu na biyu laifina ne da na mai sayarwa. Gwanjo ya daɗe a ɗaure cikin dila, gam ɗinsa ya bushe. A sauka ta ƙarshe tafin hagu ya fara buɗe baki ta gefe. Da na lanƙwasa shi sosai a shago na duba, da na gani.

Zan sake sayen irinsa, amma kafin in taka dutse da shi sai shumeka ya zagaye tafin da ɗinki. Wannan ma na kai an ɗinke min, ya dawo garau. Da shi zan je duwatsun Rano idan mun haɗa kuɗin mai, in sha Allahu kafin zafi ya shigo.