NTFS ko exFAT: wanne ya dace da faifan da ke yawo tsakanin Windows da Ubuntu?

Ɗan'uwanmu mai situdiyo a Jekadafari, nan cikin Gombe, ya kawo tambaya. Ya sayi faifan waje mai 1TB don ajiye bidiyon bukukuwa. Yana tace aikin a laftof mai Windows, sannan ya jona faifan a kwamfutar shago mai Ubuntu, inda yaransa ke tura wa kwastomomi nasu. Yana so ya san fomat ɗin da zai yi masa, wato tsarin jera fayiloli a cikin faifan, NTFS ko exFAT, da abin da zai rubuta don faifan ya riƙa hawa da kansa, wato ya buɗe a shirye don aiki, in an kunna kwamfuta.

Malam, FAT32 dai mu cire shi tun yanzu. Ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai 4GB, kuma bidiyon kamu kaɗai zai iya wuce haka.

NTFS ya fito tare da Windows NT 3.1 a 1993, kuma abin da ake yaba masa shi ne yana da kundin da yake rubuta abin da zai yi kafin ya yi. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, sai Windows ta duba kundin ta gyara tsarin faifan. exFAT kuwa Microsoft ta fitar da shi a 2006 saboda filashi da katin memori, shi ya sa katin kyamara mai sama da 32GB ke zuwa da shi. Ba shi da wannan kundin ko kaɗan. Da wannan ne mutane ke yanke hukunci cewa a garin da wuta ke zuwa ta tafi yadda ta ga dama, NTFS ne kawai mafita.

To, a nan akwai gyara. Wannan kariyar tana aiki ne lokacin da Windows ke rubutu. A ɓangaren Linux, wanda Ubuntu nau'insa ne, tsohon direban ntfs-3g (manhajar da ke karanta faifan NTFS da rubutu a kansa) ba ya rubuta kundin. Sabon, wato ntfs3 da kamfanin Paragon ya bayar aka saka a kernel (zuciyar Linux) 5.15 a 2021, ya fi sauri kuma yana iya karanta kundin da Windows ta bari, amma shi ma ba ya ba ka cikakkiyar kariya a kan abin da yake rubutawa. Ma'ana, in yaronka na kwafar bidiyo zuwa cikin faifan a Ubuntu aka ɗauke wuta kafin a tayar da janareta, NTFS da exFAT duk kanwar ja ce. Bambancin yana fitowa ne wajen gyara. exFAT kana iya duba shi daga Ubuntu ɗin da fsck.exfat, wanda ke cikin exfatprogs. NTFS kuwa sai ka mayar da shi kan Windows ka yi chkdsk /f, domin ntfsfix ƙananan abubuwa kawai yake taɓawa, kuma ntfs3 yakan ƙi hawa faifan da ba a cire shi yadda ya kamata ba.

Sai wani abu da ke ba masu NTFS ciwon kai: faifai ya hau, kana ganin fayiloli, amma ya ƙi karɓar rubutu. Sau da yawa Fast Startup ne, tsarin saurin kunna kwamfuta wanda ya zo tun Windows 8. In ka kashe laftof ɗin faifan na jone, Windows ba ta sake shi gaba ɗaya ba, sai Linux ta buɗe shi don karatu kawai, gudun kada ta ɓata maka kaya. Ka buɗe cmd a matsayin admin ka rubuta powercfg /h off, ka huta.

Ta fuskar shiga ko'ina exFAT ne a gaba. Tun da Microsoft ta wallafa bayanansa a 2019, direban Samsung ya shiga kernel 5.7, yanzu Linux na karanta shi ba tare da an girka komai ba. Mac ma na rubutu a kansa, alhali NTFS karantawa kawai take yi.

Ni a wurinka NTFS zan zaɓa, saboda yawancin rubutu mai nauyi a Windows kake yi, Ubuntu kuma kwafa ake yi daga faifan zuwa waje. In akwai mai Mac a cikin masu tace maka aiki, ka koma exFAT. Faifan da ba zai taɓa barin kwamfutar shago ba kuwa, ext4, fomat ɗin Linux, ya kamace shi, don shi ne kundinsa ke aiki sosai a Linux.

Yanzu batun hawa da kansa. Ka buɗe Terminal a Ubuntu ka rubuta lsblk -f ka kwafo UUID ɗin faifan, wato lambar shaidarsa. Kada ka yi amfani da /dev/sdb1, domin ranar da wani ya riga ka soka filashinsa, sunan zai iya komawa kansa. Ka ƙirƙiri folda /mnt/bidiyo, sannan ka ƙara wannan layin a /etc/fstab, fayil ɗin da ke jera faifan da za su hau in an kunna kwamfuta:

UUID=lambarka /mnt/bidiyo ntfs3 uid=1000,gid=1000,umask=022,noatime,nofail 0 0

In exFAT ka yi, ka sauya ntfs3 da exfat, sauran yana nan yadda yake. Shi uid da gid su ne ke cewa faifan naka ne, in babu su zai hau a hannun root, wato babban akawun mai iko da kwamfutar, ka kasa ajiye komai. Lambar 1000 ta mutumin farko da aka buɗe wa akawun a Ubuntu ce, ka tabbatar da taka da umarnin id. noatime yana hana rubuta lokaci duk sanda aka buɗe fayil. Wanda ba na so ka manta shi ne nofail. In babu shi, ranar da ka tafi Kumo ɗaukar biki da faifan a jaka, kwamfutar shago za ta tsaya tana jiransa, daga nan ta faɗa baƙin allo na gaggawa, yara su kira ka su ce ta lalace.

Tunda yaran kwafa kawai suke yi, kana iya ƙara ro a jerin, bayan nofail da waƙafi a tsakaninsu. Faifan zai hau don karatu zalla: ba mai goge bidiyon amaryar wani bisa kuskure, kuma ɗaukewar wuta ba za ta taɓa tsarinsa ba tunda ba a rubuta komai. Ranar da kai kake son rubutu daga Ubuntu, sai ka cire ro ɗin ka sake hawar da shi.

Kafin ka sake kunna kwamfutar, ka gwada da sudo mount -a. In bai yi ƙorafi ba, layin ya zauna. Wajen cirewa kuma, sudo umount /mnt/bidiyo tukuna, ka jira ya dawo maka da layi, sannan ka zare waya.