Luo han guo, shayin da ya raka ni hunturun bana

A Guangzhou na fara cin karo da shi. Kwana uku ina yawon kasuwar yadi, ga zafi ga gumi, maƙogwaro ya bushe, murya ta dusashe. Tafintana ya ce su a wajensu wuta ce ta hau min, ya ja ni wani ɗan shagon liangcha, shayin sanyaya jiki da mutanen Guangdong suka gada, wanda Sin ta sa cikin jerin al'adunta na gado a 2006. Aka fara zuba min wanda suke kira mai haɗi 24. Ɗacinsa ko maɗaci albarka, kurɓi biyu na ajiye. Sai mai shagon ta miƙo min na luo han guo, shi kam na shanye tas.

Da zan dawo na sayo busasshe guda 30. Ɗan itace ne da ake nomawa a yankin Guilin na Guangxi, girman lemun tsami babba, ruwan ƙasa, ba nauyi ko kaɗan. Ka danna da babban yatsa sai ya fashe kamar ɓawon ƙwai, ciki 'ya'ya ne manne da juna. Matar da ta sayar min ta koya min in girgiza shi a kunne, wanda bai yi ƙara ba shi ne mai kyau.

Rabin guda ya ishi lita 1 ta ruwa. Ɓawo da 'ya'ya duk a tukunya, a tafasa minti 15, ya fito da duhu kamar shayi mai kauri. Ba a sa masa sukari, zaƙinsa daga wani sinadari ne mai suna mogroside. Ranar farko uwargida ta jefa guda biyu a buta ɗaya, zaƙin ya gundure mu, ga wani ƙamshi-ƙamshin ƙauri da ke daɗewa a baki. Tun daga nan rabi muke sawa, ni ina ƙara 'yar citta.

Wanda ya san ƙurar kasuwar Kwari da hunturu, ga ciniki da baki tun safe har la'asar, ya san abin da maƙogwaro ke sha. Kofi ɗaya da safe, ɗaya bayan isha, ƙaiƙayin nan ya lafa min sosai, kuma ban rasa murya ba bana. A nan amfaninsa ya tsaya a wurina. Da ƙaramin ɗana ya yi tari da zazzaɓi asibiti muka nufa.

Abin da ya fi damuna shi ne haɗe-haɗen leda da ake sayarwa da rubutun Sinanci zalla. Da yawansu akwai saiwar gancao a ciki, wata saiwa mai zaƙi da Turawa ke kira licorice, wadda yawan shanta ke tayar da hawan jini. Baba yana kan magani, don haka tsurar luo han guo kawai nake kai masa, shi ma sai da likitansa ya amince.

Saura guda 6 a gwangwani. Na riga na yi wa abokin tafiya na Afrilu sallahun wasu 50.